Sunan da Kawu Ya Ba Kukan Mama

Kawu ya cika ranar Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a makon farko na watan Satumba, a ɗakinsa da ke Zuru. Mutum uku ne a kansa: matarsa, wadda dukanmu muke kira Mama, ƙanwarsa, wato mahaifiyata, da wani maƙwabci ma'aikacin jinya da ya shigo duba shi. Bai bar wasiyya ba. Maƙwabcin ya ce maganarsa ta ƙarshe ita ce a kashe rediyo, wai mai karanta labaran yana karatu kamar an biyo shi da sanda.

Ina gidan rediyon da nake aiki aka kira ni a waya. Daga baya na bincika, ba tasharmu ya kama ba a wannan safiyar. Na iso Zuru ranar Alhamis da la'asar, aka binne shi ranar Juma'a da hantsi, bayan sujada a majami'a.

Ban taɓa zama a gidan makokin da mutane ke auna maganarsu kamar wannan ba. Shekara talatin da ɗoriya Kawu ya yi yana koyar da adabin Hausa a makarantar sakandare, saboda haka rabin waɗanda suka cika rumfar ɗalibansa ne: malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin sojoji, matan zumuntar majami'a. Duk wanda ya buɗe baki zai yi gaisuwa sai ya ɗan tsaya, ya saci kallon kujerar Kawu da ke gindin mangwaro, wadda ba kowa a kanta. Wani ya ce an yi rashin da ba za a iya maye gurbinsa ba. Na bayansa ya sunkuyo ya ce masa a kunne, "Da yana nan, da ka sha jan biro." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka yi saurin haɗiye ta.

Wani dattijo Musulmi daga Bena, wanda suka yi koyarwa tare, ya zauna kusa da mahaifiyata ya ce, "Wanga bawan Allah, shekara ashirin munka yi ofis guda, bai taɓa ce min na yi daidai ba. Ran da yac ce min 'ba laihi', sai da na yanka zakara."

Mahaifiyata ta ce, "Kai ka samu, Malam. Ni da muka fito ciki ɗaya har yau ina jira."

Wajen ƙarfe biyar na yamma wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu yake koyarwa a Kanya, ya shigo tsakar gida gaida Mama. Ya durƙusa har ƙasa. Da kyakkyawar niyya ya zo, wannan ban yi shakka ba.

"Mama, Malam bai mutu ba," in ji shi. "Har gobe da misalansa nake koyar da yara. Akwai wanda ya ba mu muna aji biyar, na kambamawa, yadda mai magana ke hura abu ya wuce girmansa. Na haddace shi." Ya gyara murya. "Dutse ya tsage. Rana ba za ta sake fitowa a Dabai ba. Ni ce na mutu, ku binne ni, ku bar shi ya shigo ya ci tuwo." Ya yi murmushi. "Yara suna son shi ƙwarai. In na karanta musu da muryar tsohuwa, har faɗuwa suke yi don dariya."

Mama tana riƙe da kofin kunu. Ta ajiye shi a ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka gaida mutanen Kanya."

Ni da mahaifiyata mun san maganar. Mama ce ta yi ta, da C'lela, yarenmu da Hausawa ke kira Dakarci, shekara tara kafin nan, ranar da sojoji biyu suka kawo akwatin ɗanta tilo. Malamin Kanya bai sani ba. Kawu ya juya masa ita zuwa Hausa, ya cire sunan mai ita, ya rubuta a allo.

Da mutumin ya fita, Mama ta kira ni ɗakinta. Ta zaro babban littafin Kawu mai baƙin bango daga ƙarƙashin filo, ta ɗora a cinyarta.

"Ɗiyata, ranar nan na gan shi da biro. Ina ƙasa ina kuka, shi yana kan kujera yana rubutu. Shekara tara ina ce wa kaina addu'a yake rubutawa. Ke ce mai karatu. Kafin ki koma, za ki karanta mini."

Mama ba ta yi boko ba. Lambobin littafin waƙoƙin majami'a kaɗai take ganewa.

Na ce, "Mama, bari baƙi su ragu."

Ta ce, "Lahadi, bayan sujada."

Na san abin da ke shafin, don na karanta shi tun da daɗewa. Kwana biyu ke nan aka ba ni in yanke ko zan karanta mata shi yadda yake.

Tsofaffin ɗalibansa sun roƙe ni in rubuta wani abu don kada a manta da shi. Na amsa. Amma abin da aka faɗa a majami'a ya isa wajen yabo, kuma shi kansa da ya ji shi da ya tashi ya fita. Zan faɗi mutumin da na sani.

Ranar farko da sababbin ɗalibai suka shiga ajinsa, yakan karanta musu ɗan gajeren labari, ya rufe littafin ya ce, "Yaya kuka ji shi?" Sai su ce, "Da daɗi, Malam." Sai ya ce, "Da daɗi. Rake ma da daɗi. Barci ma da daɗi. Susar ƙaiƙayi ma da daɗi. Wanne daga ciki?" Sai ya ce musu mutumin da kalma biyu kawai gare shi, da daɗi da ba daɗi, kowane ɗan siyasa da kowane mai wa'azi zai iya ɗaure shi ya kai kasuwa, domin yana jin ana yi masa wani abu da murya amma ba shi da sunan abin. "In ba ka da sunansa, ba za ka iya cewa a daina ba."

Wannan ne aikin rayuwarsa. Tun kafin a haife ni ya fara tara kalmomin da ake kwatanta launin magana da salon rubutu da su. Kowace kalma da shafinta: kalmar a sama, ma'anarta a ƙasa, sannan misali. Waɗanda kowa ya sani suna ciki, zambo da habaici da gatse da izgili da zolaya, amma yakan raba su da wuƙa mai kaifi. Yakan ce habaici yana son jama'a su gane, shaguɓe kuwa ya ishe shi mutum ɗaya ya gane ya kasa barci. Zolaya tana barin ƙofa a buɗe don ka rama. Izgili yana rufe ta da kwaɗo. Da waɗannan suka ƙare masa sai ya shiga madafa da gona ya ɗebo wasu. Magana mai yauƙi, wadda ta ƙi yankewa kamar miyar kuɓewa. Magana mai bauri, gaskiyar da aka tsinko tun ba ta nuna ba. Rubutu mai tsakuwa, wanda kana cikin ci sai haƙori ya gamu da kalmar da ba wurinta ba. Rubutu mai dusa. Rubutu lami.

Wata ranar kasuwa a Bena ya ji wata mai ƙuli-ƙuli tana ce wa maƙwabciyarta maroƙin da ya wuce yanzu yana da murya amma maganarsa ba gardi. Kawu ya kashe babur. Ya tsuguna gabanta kusan awa guda yana tambayarta me take nufi, yaushe magana ke yin gardi, yaushe take ƙonewa. Ya dawo gida da ƙuli-ƙulin da muka yi wata guda muna ci, da shafi sabo: gardi, maganar da ta sha wuta daidai. Daga nan duk shekara sai ya ce wa 'yan aji, "Wannan kalma ba tawa ba ce. Ta wata mata ce a kasuwar Bena, kuma ta fi ku duka kunne." Haka yake da baƙi. In baƙo ya ba shi kalma, har abada yana gaishe shi.

Matsalar tana wajen misalan. Kawu ba ya ɗaukar misali daga littafi. Yakan ce maganar littafi ta riga ta yi wanka ta sa kaya, shi yana son magana tun ba ta wanke fuska ba. Saboda haka daga bakin masu rai yake ɗauka, kuma bakunan da suka fi kusa da shi namu ne.

Ga shafin gatse: "A ce maka yi, alhali ana nufin kada ka kuskura. Misali, matata, da na ce zan sayar da akuyarta: Sayar mana, ka haɗa da kajin." Ga na yauƙi: "Addu'ar Fasto ta rufe taro." Fasto ya san da wannan, kuma shi ne ya yi wa'azin jana'izar, ya kuma gajarta.

Ba ɓoyewa yake yi ba. Kana tsakar magana sai ka ga ya lalubi aljihun gaba ya ciro biro. In murna kake yi, sai ta koma ciki. In kuka kake yi, sai ka fara jin kanka. A gidan nan mun koyi yin faɗa da raɗa, mu yi dariya a bayan rumbu.

Mahaifiyata ce kaɗai ta taɓa tarar shi gaba da gaba. Ranar Kirsimeti ce, ana cin shinkafa a tsakar gida. Ta ce, "Yaya, kai ba sauraron mutane kake yi ba, fiɗa kake yi. Mutum yana numfashi kana cire masa fata." Ba ta rufe baki ba ya ciro biro. Ta fizge biron ta jefa a rijiya. Kawu ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani, ya zauna ya rubuta. Na ga shafin daga baya. Maganarta ta farko ta shiga ƙarƙashin bauri. Jifan biron kuwa bai samu shafi ba, sai ɗan rubutu a gefe: "Da hujja ta ƙare." Daga Kirsimeti har aka yi shuka ba su yi wa juna magana ba, gida ɗaya, Mama ce ke kai saƙo tana kawowa.

Wannan mutumin ne kuma, da mahaifina ya rasu ina shekara bakwai, ya zo da motar haya ya kwashe mu, ni da mahaifiyata da tukwanenmu. Ya ba mu ɗakinsa, ya koma zaure, ya yi damina guda a nan yana matsar da tabarma daga inda ke yoyo. Ko sau ɗaya bai ambaci wannan ba, ko a lokacin faɗan rijiya, inda wani da ya ambata. Na duba littafin daga farko har ƙarshe, babu shafin gori.

Shi ya ba ni sana'ar da nake ci da ita. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai in tsaya a gindin mangwaro in karanta masa jarida da ƙarfi. Yana zaune, ido a rufe. "Sake." In sake. "Kin yi waƙa. Labari ba waƙa ba ne. Sake." In na tambaye shi sai yaushe, yakan ce, "Har sai an kasa gane garinku." Shekara goma muka yi a haka. Ranar da aka gwada muryata a gidan rediyo, mai gwajin ya tambaye ni ko a Kano aka haife ni. Na dawo na gaya wa Kawu, ya ce, "Ba laifi." Bayan shekara biyu na buɗe shafin lami na tarar: "Ba gishiri, ba yaji, ba laifi. Misali, ɗiyar ƙanwata in tana karanta sanarwar rasuwa." Ya dafa abin da hannunsa, ya ɗanɗana, ya rubuta sakamako.

Abu ɗaya ne ba a yi a gidansa: C'lela. Shi da yaren ya tashi a Dabai, da shi ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Damina bakwai ya yi yana huɗa a gonar mahaifin Mama, a ƙarshe ma yana zuwa ne daga makaranta lokacin hutu. Amma da ya je kwalejin horon malamai a ƙasar Hausa, an tsayar da shi gaban aji an sa ya yi ta maimaita jimla guda ana dariya. Mahaifiyata ce ta ba ni labarin, shi bai taɓa ba. Ya dawo da Hausar da ta fi ta waɗanda suka yi masa dariya, da doka guda: daga ƙofar zaure zuwa ciki, Hausa. Mama ta bi. Da Hausa ta yi renon ɗanta, da Hausa take kiran kaji. In 'yan uwanta sun zo daga Dabai, sai ta raka su har bakin hanya don su samu su yi hira. Ni kuwa na girma ban iya komai a yaren uwata ba sai gaisuwa.

Ɗan nasu, wanda gida ke kira Soja tun yana rarrafe, ya shiga soja da gaske, kamar rabin samarin unguwarmu. Aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma. Yana rubuto wasiƙa duk sanda ya samu hanya. Kawu yakan karanta wa Mama a bayyane, sannan ya bi wasiƙar da jan biro, ya mayar masa tare da amsa. Na ga ɗaya kafin a rufe ta. Inda Soja ya rubuta cewa kada kowa ya damu, wurin lafiya lau, su ma kamar hutu suke yi, Kawu ya ja layi ya rubuta a gefe: "Ƙarfin hali na aro. Mai karatu yana jin rawar hannunka. Ko ka faɗi tsoron, ko ka ɓoye shi da kyau."

Ba a kawo gawa ba. Akwatin ƙarfe aka kawo, ranar wata Asabar da rana tsaka. A ciki akwai kaki biyu, da takalmi, da Littafi Mai Tsarki, da wasiƙun nan masu jan biro, duka, a ɗaure da zare.

Mama ta zube a tsakar gida, kuma abin da ya fito daga bakinta C'lela ne, karo na farko a cikin gidan. Ta daɗe tana yi. Mata suka kewaye ta, wasu suna amsa mata. Kawu bai hana ba. Mutane suka ce ai ko shi yau ya san a bar doka. Yana zaune a kujerarsa, littafi a gwiwa.

Bayan shekara biyu ina shirya wani shiri na adabi a rediyo, ya ba ni littafin da kansa in kwafi abin da nake so. Da na kai shafin sai na ɗaga kai.

"Kawu, wannan fa?"

"Akwai kuskure?"

"Babu."

"To me kike tambaya?"

Na kwafi kalma goma sha biyu na mayar masa, shirin ya yi kyau, an yaba.

Ranar Asabar ɗin makokin na samu mahaifiyata tana tankaɗe a bayan ɗaki, na gaya mata abin da Mama ta nema. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke ba kullum kike karanta abin da aka rubuta miki ba? Yau rubuta da kanki. Tsohuwa ce, kwana nawa ya rage mata? Ki ba ta abin da za ta iya kwana da shi."

Na ce, "In ta gane fa?"

"Wa zai gane ki? Ai an gyara ki."

Na zauna na shirya. Na ɗauki kalmar alhini, na gina mata ma'ana irin ta Kawu, gajera, ba ado. Na haddace.

Ranar Lahadi muka dawo daga sujada wajen ƙarfe ɗaya. Mama ba ta cire ɗankwalin zumunta ba. Ta shiga ɗaki, na bi ta, mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa. Mama ta miƙo littafin. Na buɗe ainihin shafin, don ta ga ina kallon takarda, na karanta da muryar aiki:

"Alhini. Baƙin cikin da ya yi nauyin da harshe ba zai ɗauka ba, amma ya ɗauka. Misali, kukan matata yau. Ban taɓa jin maganar da ta kai ta ba. Allah ya ba ta haƙuri."

Mama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Kin iya, ɗiyata. Ya koya miki da kyau."

Na ce, "Haka ya rubuta, Mama."

"Shekara arba'in da biyar ina jin maganar mutumin nan. Bai taɓa yabon abu ya tsaya a nan ba. Ina 'amma' ɗin?" Ta juya wajen ƙofa. "Ke kika sa ta?"

Mahaifiyata ta ce, "Don Allah ki bar maganar nan. Mutum ya tafi."

"Ya tafi, yaran Kanya suna dariya. Ni kaɗai ce a ƙasar nan ban san abin da na faɗa ba." Ta dawo kaina. "Karanta. Kada ki sa mini zuma, kada ki sa mini kuka. Yi irin na rediyo."

Na karanta.

"Kambamawa. A ɗauki abu a hura shi ya wuce girmansa, don mai sauraro ya ji nauyin da mai magana yake so ya ji. Misali mafi kyau da na samu, kukan matata yau. Ta ce dutse ya tsage, ta ce rana ba za ta sake fitowa a Dabai ba, ta ce ita ce ta mutu. Dutse yana nan. Rana za ta fito. Ta ce 'ɗana' sau ashirin da uku. Bakwai sun isa, sauran raki ne. Maganar tuwon ita ce mafi ƙarfi, domin ƙarama ce, amma ta ɓata ta da maimaici. Tana da tsari, ba ta san tana da shi ba. A juya zuwa Hausa, a ba 'yan aji biyar."

Mahaifiyata ta toshe baki da gefen zane ta fita. Mama ba ta motsa ba.

"Ya ƙirga," in ji ta.

"Ya ƙirga."

"Shi ke nan abin da ke wurin? Bai sa sunan yaron ba?"

"Bai sa ba."

Akwai abu ɗaya da na lura da shi tun karon farko, na ajiye shi don irin wannan rana. A wuri biyu biron ya huda takardar. Na kama yatsanta na ɗora a kan hudar. Na ce, "Mama, ji nan. Hannunsa ya danna har takarda ta fashe. Ba a haka yake rubutu ba."

Ta shafa wurin sau biyu, kamar mai duba ƙwarya.

"Biron ne," in ji ta. "Wani baƙi mai jan murfi. Ba ya zuba sai an danna. Duk watan nan yana ƙorafi a kansa."

Ta janye hannunta.

"Shi fa? Ya sa kansa a ciki? Ko wuri ɗaya?"

Na san amsar, amma na bi shafukan a gabanta ɗaya bayan ɗaya, don ta ga na duba. Akwai Fasto, akwai mai ƙuli-ƙuli, akwai dattijon Bena, akwai ni, akwai mahaifiyata sau shida, akwai ita kanta fiye da kowa. Na kai bango.

"Babu, Mama."

"To," in ji ta. Ta kwance ɗankwalin ta ninke. "Je ki ci abinci. Gobe kina da hanya."

Wannan ce Hausa ta ƙarshe da na ji daga bakinta.

Kawu ya bar ɗaruruwan mutane a ƙasar Zuru da suka san bambancin zolaya da izgili, waɗanda in ɗan siyasa ya hau mimbari suna iya cewa ga abin da yake yi da muryarsa. Ni ɗaya ce daga cikinsu, kuma duk kalmar da na kwatanta shi da ita a nan daga littafinsa na same ta. Allah ya jiƙansa, ya yi masa hukunci da sauƙin da shi bai yi wa kowa ba.

Makarantarsa ta aiko neman littafin. Mama ta sa mahaifiyata ta ba su, ba a cire shafi ko ɗaya ba. Da aka gama girbin dawa ta kwashe kayanta ta koma Dabai, gidan ƙanenta. Tun daga nan ba ta sake yin Hausa da kowa ba, ko a kasuwa, ko a majami'a. Sau huɗu na je gaishe ta. Mahaifiyata ce ke zama tsakaninmu tana fassara.